Rahinatu a Gaba, Tanimu a Baya

Zango, Wagadugu
Farkon watan Mayu

Assalamu alaikum Gwaggo Salamata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da duk dangi na Damagaram. Yaya ƙafa, yaya zafin bana? Ni ce Rahinatu jikar Inna Habi ta unguwar Birni, wadda ta yi aure a Wagadugu. Ba mu cika haɗuwa ba, amma Inna ta sha faɗa mini cewa ita da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙani ne, shi ya sa ban ji nauyin kawo miki kukana ba. Na so in kira, aka ce kunnenki ya yi nauyi, waya ba ta yi miki daɗi. Aliyu Sani, abokin aikin maigidana, shi zai kai takardar nan Yamai ya ba masu motar Damagaram.

Mu dai da sauƙi. Wataƙila kin ji abin da ya sami maigidana, Baban Kausara, bayan ƙaramar salla. Hawan jini ya kayar da shi a tasha, ɓarin dama ya shanye. Bakinsa ya dawo, yana magana a hankali, yana jan ƙafa da sanda. Likita ya ce gashi ne maganin, wato motsa gaɓoɓi a asibiti, a yi ta yi ba fashi. Wurin gashin yana Wemtenga can gabas, mu kuma muna yammacin gari. Maƙwabcinmu Rasmane ke kai shi idan ya sami sarari, sau da yawa kuwa ba ya samu. Taksi ba ya shigowa lungunmu, ga damina tafe. Kausara tana karatu a Bobo, ban yarda ta bari ba. Babur ɗinsa na jingine a zaure, sai na ce to ni zan hau.

Gwaggo, a garin nan tsohuwa da goyo da tire a ka ma tuƙa moto take yi, ni kaɗai na kai shekarun nan ban iya ba. Ƙawata Rokia ta koya mini tashi da tsayawa. Miƙaƙƙiyar hanya ba ta ba ni tsoro yanzu. Kwana ce ta gagare ni. Da na hango hanya ta lanƙwasa sai hannuwana su sandare, in sauke ƙafafu ina jan ƙasa, na bayana suna ta oda suna zagi da Mosanci. Ran nan a shataletale na kasa fita, na yi ta zagayawa har wani mai sayar da kati ya fara ɗaga mini hannu. Na tambayi Rokia yadda ake yi, ta ce ita ba ta san ana yin wani abu ba, juyawa kawai ake yi.

Inna ta ce a nan aka haife ki, kuma duk shekarun da kika yi kina aikin ungozoma a ƙauyuka a kan babur kika yi su. Ki faɗa mini abin da hannu da ido suke yi a kwana. Ba na iya zama wuri ɗaya kwanakin nan, duk ranar da gashi ya wuce shi sai in ga kamar ƙafar ƙara ƙanƙancewa take yi.

'Yarki,
Rahinatu

*

Damagaram
Ƙarshen Mayu

Wa alaikumus salam 'yata Rahinatu,

Takardarki ta iso, na karanta na sake karantawa. Muna lafiya, ƙafa sai addu'a. Allah ya ba Tanimu lafiya, ya sa kaffara ne. Na gane ki sarai, ke ce mai wushirya da kika yi ta raba goro ranar sadakar Inna Habi.

Kin tayar mini da tsohon miki. Ke kin bar garina na aure kin tafi garina na haihuwa. Zangon da na sani an rushe shi tuntuni, an ce manyan gidaje ne a wurin, saboda haka ba zan iya ce miki bi nan ko bi can ba. Amma kwana ba ta canzawa.

Babur inda ido ya je nan yake zuwa. Kina kallon bakin kwata don kada ki faɗa, shi kuwa ya ɗauka can kike so. Ki juya kanki gaba ɗaya, har haɓa, ki dubi inda za ki fita. Birki kuma tun hanya tana miƙe ake gama shi. Ki rage gudu, ki sauko giya ta biyu, sannan ki shiga da 'yar wuta kaɗan wadda ba ta yankewa. In kin shiga kin shiga, kada ki damƙi birkin gaba, balle in akwai yashi a kan kwalta. Ƙafafu su zauna a mataki, wadda ta sauke ƙafa a kwana ita ke karyewa. Hannu kuma ki sake shi. Ni dabarar da na yi, waƙar daka nake yi a cikin hular kwano, don mai waƙa ba ya iya sandarewa.

Babur sai ya kwanta yake juyawa, ba faɗuwa zai yi ba. Ki bi shi. In za ki dama, ki ɗan tura hannun dama gaba, za ki ji ya sunkuya da kansa. Kada ki tambaye ni dalili, ban sani ba.

Ki nemi fili, ki ajiye bulo biyu da tazara, ki yi ta zaga su kamar lamba takwas har ya gundure ki. Bayan nan ki ɗaura buhun masara a baya, bayan buhu ki ɗauki Rokia. Ki sa wando a ƙarƙashin zane, ki cusa bakin hijabi kada taya ta kama. A duba iskar taya.

Kuma kada ki tsaya jiran tsoro ya ƙare kafin ki ɗauki mijinki, ba ya ƙarewa. Da kin ga Rokia ta daina riƙe ki, ki ɗauke shi.

Ki rubuto mini ko har yanzu ana jera strawberry a bakin hanya lokacin sanyi. Shekara da shekaru ban sa shi a baki ba.

Gwaggonki,
Salamata

*

Zango, Wagadugu
Tsakiyar Yuni

Gwaggo, assalamu alaikum,

Ina gaisuwa, ina gaida ƙafa. Mun sami ruwan farko, gari ya yi sanyi. Jikin Baban Kausara yana nan yadda yake, yatsun hannun sun fara ɗan motsi. Ana sayar da abin da kika tambaya, in sanyi ya zo zan ga ko zai jure hanya.

Na sami fili a bayan wata lakwal, wato makarantar boko, bayan asuba babu kowa sai awaki. Ranar farko na taka bulon nan har ya rabe biyu. Na gane maganarki ta ido a rana ta uku ko ta huɗu. Na juya kai na dubi wata dalbejiya a ƙarshen fili, kafin in ankara babur ya zagayo da kansa. Na tsaya, na kasa gane ko dariya zan yi. Waƙa kuma ina yi, sai dai ba a cikin hula take tsayawa ba, mai shara ta ce ta ɗauka biki ake yi.

Buhu bai ba ni wahala ba. Rokia ce ta cika surutu, rabi Hausa rabi Mosanci, tana ce mini bilfu-bilfu, wato sannu-sannu, alhali ita ce ke zuga ni in ƙara wuta. Jiya mun je har Bilbalogo mun dawo, na bi shataletale na fita inda na yi niyya. A hanyar dawowa na ji ta sake ni tana amsa waya.

Sai dai hankalina bai kwanta ba. Kwanar hagu ta fi mini sauƙi, ta dama har yanzu ina jin kamar ƙasa ce ke jawo ni. Shi kuma maigidan ba ya cewa komai game da koyon nan. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana jan babbar mota daga Lome zuwa Yamai, in na shigo da babur sai ya dubi taya ya kau da kai. Na ce masa ranar Litinin ni zan kai shi. Ya ce Allah ya kai mu.

Rahinatu

*

Gwaggo, ina gaisuwa a gurguje, Aliyu Sani yana ƙofa mota na jiransa. Na ɗauke shi kamar yadda kika ce. Mun faɗi a kwanar da ake sauka daga kwalta. Ni gwiwa ce kawai. Shi tun ranar bai ƙara magana ba. Ki sa mu a addu'a.

Rahinatu

*

Damagaram
Watan Yuli

Rahinatu,

Salamu alaikum. Lafiyata ba ita ce magana ba yau. Guntuwar takardarki ta zo mini jiya da la'asar, ban iya cin tuwo ba.

Bai ƙara magana ba kamar yaya? Kansa ne ya bugu? Ciwon ne ya sake dawowa? Na yi aikin asibiti, na san abin da bugu na biyu yake yi wa mai irin ciwonsa. In harshe ya tafi a karo na biyu ba kasafai yake dawowa ba. Kun kai shi an ɗauki hoton kai? In ba ku kai ba ku kai yau, kada ki saurari masu cewa a jira.

Na sa matar ɗana ta kira lambarki, a kashe. Ta kira ta Tanimu, a kashe. Na je tasha da kaina na nemi wanda ya kawo takardar, ya ce shi a Yamai aka miƙa masa, bai san kowa ba.

Ni na ce ki ɗauke shi. Ina zaune a nan a kan tabarma, rabona da babur tun kafin a haifi 'yarki, na aika miki da umarni kamar ina ganin hanyar. Na rubuta miki buhu, na rubuta Rokia, ban tsaya na tuna cewa mai shanyayyen ɓari ba buhu ba ne. Ki ajiye babur ɗin nan. Ki roƙi maƙwabcin, ki kira Kausara ta dawo, karatu ba ya gudu.

Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Salamata

*

Damagaram
Agusta

Rahinatu, salamu alaikum. Wata ya mutu wani ya tsaya, shiru. An ce manyan motoci suna daɗewa a hanya suna jiran rakiyar soja, da wannan nake rarrashin kaina. In rasuwa aka yi, kada ku ɓoye mini don tsufana, na wanke gawa da hannuna ba sau ɗaya ba. In kuma fushi kike yi da ni, kina da gaskiya, amma ki faɗa mini halin da yake ciki sannan ki ci gaba da fushin. Na sa an yi masa saukar Alƙur'ani. Kullum sai na aika tasha.

Salamata

*

Zango, Wagadugu
Ƙarshen Agusta

Assalamu alaikum Gwaggo,

Yana nan da ransa, bakinsa kuma lafiya lau. Na fara da wannan kafin gaisuwa. Takardunki biyu tare suka zo yau, Aliyu Sani ya daɗe a hanya. Na karanta a tsaye, na zauna na yi kuka. Ki yafe mini. Da na ce bai ƙara magana ba, ni ce bai ƙara yi wa magana ba. Da Rasmane yana hira, da mai gashi yana hira, har limamin unguwa ya zo sun yi ta labarin hanya. Gaggawa ta sa na bar kalma ɗaya, na jefa ki cikin wannan hali. Wayata kuwa a kwata ta faɗa ranar, tasa tun da ya kwanta ya rufe ta.

Ga yadda aka yi. Zuwa lafiya muka je, ko da yake na ji babur ɗin yana mini gardama a kowace kwana. A dawowa an yi ruwa, ya kwaso yashi ya zuba a daidai inda ake barin kwalta a shiga jar hanyar unguwarmu, kuma kwanar dama ce. Na rage gudu, na juya kai, babur ya fara kwantawa. Sai na ji shi a bayana ya miƙe ya karkata hagu da ƙarfinsa duka. Babur ya tashi tsaye ya nufi kwata. Na dubi kwatar, na damƙi birkin gaba. Duk abin da kika hana, a cikin ƙiftawar ido na yi shi.

Hular kwano ta tare kansa, kafaɗa ce ta gurje. An duba shi, ba abin da ya taɓu. Amma a gaban masu shayi muka faɗi, 'yan ƙasarmu, waɗanda suka san shi a kan babbar mota. Su suka ɗaga shi kamar yaro, wani yana cewa ai ga irinta nan. Daga ranar in na kawo abinci sai ya ci, in na yi magana sai ya dubi bango. Gashi ma ya ce ya bari, da bakin Rasmane na ji.

Ban ajiye babur ba, Gwaggo, kada ki yi fushi. Na bar shi kwana biyu, na ga in na ƙara na uku ba zan sake hawa ba. Na koma daidai kwanar nan da sassafe. Na farko tura shi na yi da ƙafa. Na share yashin da tsintsiya, washegari ruwa ya dawo da shi, sai na gane gara in koyi bi ta kansa: babur a ɗan tsaye, gudu kaɗan, hannu sake, ba birki. Masu shayi sun gaji da kallona.

Ran Juma'ar da ta wuce na shigo na tarar da shi a zaure. Ban yi zaton komai ba, sai na ji ya ce, “Tayar bayan nan ba ta da iska.” Na tsaya da hula a hannu. Ya ce tun daga ɗaki yake jin ƙararta. Daga nan magana ta ɓalle. Ya ce shi bai taɓa zama a bayan kowa ba tun yana saurayi, kuma da babur ya kwanta dama, ɓangaren da ba ya ji, sai ya ga kamar rami ne a wurin. Ya ce ya san shi ya kayar da mu, abin da ya hana shi dubana ke nan.

Yanzu ki faɗa mini, yaya ake koya wa na baya?

'Yarki,
Rahinatu

*

Damagaram
Satumba

'Yata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na yi sujada, ƙafar ma ta yarda ta lanƙwasa ranar. Nan gaba in za ki rubuta a gurguje, ki bar motar ta tafi.

Na yi niyyar kada in ƙara ba ki shawara, amma kin tambaya. Na ɗauki mata masu naƙuda a baya, su ma miƙewa suke yi. Ya matso ya manne da bayanki, kada a bar tazara. Hannunsa mai lafiya ya zagaye cikinki, mara lafiyar ki ɗora shi a cinyarki ki sa gyale ki haɗa ku, ba ɗauri mai tsanani ba. Kada ki ce masa ya kwanta, kalmar tana ba mutum tsoro. Ki ce in za ku dama ya leƙa ta kafaɗarki ta dama ya gaya miki abin da ke gaba. Direba ne, ki ba shi aiki. Ku fara a filin lakwal, ba a kan titi ba.

Maganar da na yi ta Kausara na janye. A bar yarinya ta yi karatunta.

Ki gaida Tanimu, ki ce masa tsohuwa ta yi asarar barci a kansa, sai ya biya da tattaki.

Salamata

*

Zango, Wagadugu
Watan Oktoba

Assalamu alaikum Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ruwa ya ɗauke. Muna lafiya, Baban Kausara yana amsa gaisuwarki, ya ce tattakin ya kai masallaci yanzu, da sanda amma ba mai riƙe shi.

Mun yi yadda kika ce. Ranar farko a fili jikinsa kamar icce, numfashinsa a wuyana. Na ce ya leƙa ya faɗa mini abin da ya gani, ya ce ba komai sai akuya. Muka yi ta zagayen bulo har ya fara gyara mini, wai ina shiga kwana da wuri, in ɗan buɗe tukuna in ga ƙarshenta sannan in karya. Na gwada, gaskiyarsa ce. Tun daga lokacin gashi bai wuce mu ba. Sai dai kin haɗa ni da aiki, daga Zango har Wemtenga bakinsa ba ya rufuwa: ga rami, ga mai keke, sauko giya. Wani lokaci nakan tuna kwanakin shirun nan in ce ashe su ma da daɗinsu.

Har yanzu gabana yana faɗuwa in na hango yashi. Ranar da na gaji kuma hannuna yakan koma ya sandare, sai in tsaya a gefe in huta.

Shekaranjiya da muka fito daga gashi ya ce kada in nufi gida, in bi ta Tampuyi. Wajen da abokan aikinsa ke ajiye motoci yake nufi, inda bai taka ba tun da ciwon ya kayar da shi. Na tambaye shi ko in tsaya daga nesa ya ƙarasa da ƙafa. Ya ce in shiga har ciki.

Ƙofar wurin matsattsiya ce, a dama, ga tudu, ga baƙin mai da ya zuba, ga wata mota ta toshe rabin hanya. Direbobi suna zaune a kan benci suna fuskantar ƙofar. Na gama birkina tun a miƙe, na buɗe, na dubi can cikin fili. Na ji haɓarsa ta sauka a kafaɗata ta dama, jikinsa ya biyo nawa. Muka shige kamar ruwa a kwari, na tsaya a gaban bencin ba tare da na ja ƙafa ba.

Suka taso suna ta barka da arziki. Wani Lasane, wanda suka daɗe suna tsokanar juna, ya zagaya babur ɗin yana dariya, ya ce yau ga sarkin hanya an goyo shi da gyale. Na sa hannu zan kwance gyalen da sauri, maigidan ya dafe hannuna ya ce in bari. Ya dubi Lasane, ya yi magana a hankali yadda bakinsa yake yi yanzu.

“Ka taɓa zama a baya?”

Lasane ya ce Allah ya kiyaye.

“To ka gwada. Na yi shekara ashirin a gaba, ban san tuƙi ba sai da na koma nan.”

Aka kawo masa kujera, ni aka kawo mini ruwan bisap, wato zoɓo. Har la'asar muna can. Da za mu tafi ya ce wa mutanen su matsa, direbansa na son fili.

Ki gaida mutanen gida duka. Aliyu Sani ya ce wannan karon da hannunsa zai kawo miki takardar, ya ga tsohuwar da ta tayar da tashar Damagaram.

'Yarki,
Rahinatu